Darasi: Mazaunin Bawul da Ƙarfin Inji

'Yan'uwa, a zagayen da muke yi a ƙauyukan Batsari da Safana, kuka ɗaya muke yawan ji daga ƙungiyoyin noman rani: injin ban-ruwa ya rage ƙarfi, yana shan fetur, da kyar yake tashi da safe. Haka masu injin niƙa, da masu babur, da direbobin da ke kai rogo kasuwa. Sau da yawa matsalar tana wani wuri ƙarami ƙwarai da ake kira mazaunin bawul.

Mene ne aikin bawul?

A yawancin ƙananan injuna kowace silinda tana da bawul biyu. Ɗaya yana buɗewa iska da mai su shiga, ɗayan yana buɗewa hayaƙi ya fita. Lokacin da wuta ta kama, dole duka biyun su rufe ruf, kamar murfi a bakin tukunya. Zoben ƙarfen da bawul yake sauka a kai shi ne mazauninsa. Injin da ke juyawa sau 3,600 a minti ɗaya, kowane bawul nasa yana buga mazauni sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Kuma ta wannan zobe ne bawul ɗin hayaƙi yake sauke yawancin zafinsa. In bai zauna daidai ba, ƙarfi zai tsere ta gefe, bakin bawul kuma ya ƙone.

Abin da ya same mu

Wata ƙungiya da muke aiki tare ta kai injinta gyara sau uku a rani ɗaya. Kowane zuwa sai makanike ya shafa man gogewa, ya murza bawul a kan mazauni, inji ya yi kwana kaɗan ya koma gidan jiya. Mu ma da muka ba su shawara ba mu gane ba. A karo na huɗu bawul ya ƙone, tumatir yana fure, aka yi kwana tara babu ruwa. Rabin gonar ya tafi, ga bashin taki a wuya. Sai da aka kai kan injin Katsina aka nuna mana cewa yawan gogewa ya sa mazaunin ya yi faɗi fiye da kima.

Me ya sa ake yanka uku?

Inda bawul yake taɓa mazauni siririn layi ne, faɗinsa bai kamata ya wuce milimita 1 zuwa 2 ba. In ya yi faɗi, bawul ba ya dannewa sosai, gawayin hayaƙi kuma yana maƙalewa a tsakani. In ya cika siranta, ba ya iya ɗauke zafi. Gogewa da hannu tana share ƙananan tabo, amma ba ta rage faɗi. Don haka gwanayen aikin suke yanka mazauni da kusurwa uku:

1. Digiri 45 a tsakiya. Nan ne bawul yake zama a yawancin injuna.
2. Digiri 30 ta sama, wajen da wuta take ci. Yana rage faɗin daga waje.
3. Digiri 60 ta ƙasa, wajen maƙogwaron da iska take bi. Yana rage faɗin daga ciki.

Akwai riba ta biyu. Duk mai ban-ruwa ya san cewa ruwa yana cin karo a kwana mai kaifi, amma yana wucewa salin-alin inda aka lanƙwasa hanyar a hankali. Haka iska take. Yanka uku suna sassauta mata kwana, inji ya shaƙi iska da kyau. Masu motocin tsere a Turai da Amurka har yanka biyar suke yi saboda wannan. Mu uku sun ishe mu.

Abin da za mu yi

1. Mu tsare matatar iska. Noman rani yana haɗuwa da ƙurar hunturu, ƙura kuwa tana cin bawul da mazauni kamar dutsen wasa wuƙa. A riƙa tsabtace ta, kada a tada inji babu ita.
2. In an buɗe inji, mu tsaya mu gani da idonmu. Layin da ke bakin bawul ya zama siriri, a zagaye, babu inda ya yanke.
3. A zuba kananzir ta ramin iska alhali bawul yana rufe. In ya tsattsafo, aikin bai yi ba.
4. Bayan kowane gyara, a sake saita tazarar bawul yadda littafin injin ya nuna.
5. In an goge sau ɗaya matsalar ta dawo, kada a maimaita. A kai kan injin wurin masu kayan yanka a Katsina ko Kano. Araha ba ta ado.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane ne yake lura da matatar iska a injin ƙungiyarmu?
2. Sau nawa aka goge bawul ɗinsa, an kuwa rubuta?
3. Nawa za mu riƙa ajiyewa daga kowane girbi, domin a duba inji tun kafin a dasa?