Darasi: Daga Ina "Kullum" Ta Fito?

Mu yaran Yakité da harsuna huɗu muke wuni: Hausa a gida, Sango a kasuwar Kilomita Biyar, Faransanci a makarantar boko, Larabci a gaban malam. Wasunmu na kukan abin ya yi wa ƙwaƙwalwa yawa. To, bari mu ɗauki kalma ɗaya mu tona asalinta, mu ga ko za a samu sauƙi.

Kalmar ita ce "kullum". A nahawun Hausa bayanau ce, domin tana faɗin lokacin da aiki ke aukuwa. A Larabci zarfu ake ce wa irinta. Asalinta kalmomin Larabci ne guda biyu: "kulla", wato kowane, da "yaumin", wato yini. Yau da gobe baki ya gutsure su, suka dunƙule. Shi ya sa har yanzu za ka ji dattijo ya ce "kulli yaumin".

Yanzu mu leƙa Latin, harshen Rumawan dā, wanda ya haifi Faransanci. Su "quotidie" suke cewa. Ita ma biyu ce aka haɗa: "quot", wato duk yawan da ake da shi, da "dies", wato yini. Masana sun gano cewa "dies" ta fito daga wani tsohon tushe mai ma'anar sararin sama da haskensa. Daga "quotidie" aka samu "quotidien", abin yau da kullum. Kalmar "jour" ma jikar "dies" ce, don haka "toujours" ba komai ba ce illa "tous" da "jours", duk ranaku.

Sango fa? "Lakue" ake cewa: "la" rana, "kue" duka.

Amma a kula. Hausa ce ta ara daga Larabci. Sango ba ta ari "lakue" daga Latin ba, tunani ne ya zo ɗaya. Kamannin ma'ana ba ya tabbatar da dangantaka sai da hujja.

Ribar darasin: in kalma ta yi maka wuya, kada ka haddace ta a dunƙule, fasa ta ka ga 'ya'yanta. Kuma duk wanda ya ce wa malam "kullum ina tilawa", ya tuna kowane yini ya ce, har da ranar da ƙyuya ta kama shi.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.