Kafin a sa ranar biki

Mai shirin aure da ƙaramin ƙarfi ya fara zama da iyaye, a raba abin da addini ya wajabta da abin da al'ada ta ɗora. Aure yana ƙulluwa da waliyyi, shaidu biyu, siga da sadaki, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Walima ma, Annabi (SAW) ya umarci Abdurrahman bin Auf ya yi ta ko da tunkiya ɗaya. Lefe, gara, kamu da dina duk ƙari ne, kuma nan kuɗin ke zurarewa. Don haka a fara ware kuɗin haya da abincin watannin farko, abin da ya saura shi ne kuɗin biki.

Za a ce lefe mutuncin amarya ne, dangi za su yi tsegumi. Gaskiya ne, shi ya sa ba a yanke shi gaba ɗaya. A daidaita tun wurin gaisuwa: akwati biyu na atamfar da za ta ɗaura, maimakon shida na bashi. Masu tsegumin ba sa biyan bashin. Iyayen amarya kuma su sayi kayan ɗaki kaɗan-kaɗan da kuɗin adashe, gado da tukwane tukuna.