Darasi Daga Kan Dutse: Makarantar Kwana Ta Sanawar Da Tarbiyyar 'Ya'yanmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu ƙasar Indiya, can kan wani dutse, inda wata makarantar kwana ta shafe fiye da shekara 175 tana karɓar 'ya'yan mutane. Kada ki ce me ya haɗa ki da ita. In kina da ɗa ko 'ya a makarantar kwana, ko maigida ya fara zancen kai su, to abin da za mu gani ya shafe ki kai tsaye.

Asalin makarantar

Sunanta Makarantar Lawrence, tana wani wuri da ake kira Sanawar kusa da garin Kasauli, a jihar Himachal Pradesh ta arewacin Indiya. Tsayin wurin ya kai kusan mita 1,750 daga gaɓar teku, wato ya fi Jos tudu nesa ba kusa ba. Wani hafsan Turawan mulkin mallaka, Sir Henry Lawrence, shi da matarsa Honoria ne suka kafa ta a shekarar 1847.

Dalilin kafa ta abin tausayi ne. A wancan zamani 'ya'yan ƙananan sojojin Ingila suna tashi ne a bariki, cikin zafin ƙasar da cututtuka, ga kuma abin da ido ke gani na rayuwar bariki. Yaƙin da Turawa suka yi da Sikhawa a 1845 zuwa 1846 ya ƙara yawan marayu. Sai Lawrence ya ga a kwashe irin waɗannan yara a kai su kan dutse mai sanyi da iska mai kyau. Ya sa kuɗin aljihunsa, Sarkin Kashmir Gulab Singh ma ya ba da gudummawa. Ranar 15 ga Afrilu 1847 aka fara da yara 14, maza da mata, kuma a cikin tanti suka fara kwana kafin a gama ginin farko.

Honoria ta rasu a 1854, shi kuma an kashe shi a Lucknow a 1857, lokacin boren da Indiyawa suka yi wa Turawa. Amma makarantar ta ɗore, har aka buɗe wasu da sunansa, ciki har da ta Ghora Gali kusa da Murree a 1860, wadda yanzu take ƙasar Pakistan. Da Indiya ta sami 'yanci a 1947 yawancin 'ya'yan Turawa suka koma gida, makarantar ta koma hannun gwamnatin Indiya. Kin ga ikon Allah: gidan da aka gina don marayun talakawan soja, yau sai ɗan mai hali ke shiga. Omar Abdullah, wanda ya zama babban ministan Jammu da Kashmir a 2009 ya kuma sake hawa a 2024, can ya yi karatu. Haka ma Sanjay Dutt, ɗan fim ɗin nan da yaranmu suka sani, ɗan Nargis jarumar fim ɗin Mother India na 1957.

Al'adunta

Taken makarantar gajere ne, ma'anarsa ita ce kada ka taɓa saduda. Duk al'adunta kan wannan magana aka ɗora su.

An raba ɗalibai gida huɗu masu sunayen duwatsun Indiya: Himalaya, Nilagiri, Siwalik da Vindhya. Yaro yana shiga za a ba shi gida, kuma da sunan gidan nan zai yi gasar gudu da ta muhawara da ta wasan kwaikwayo har ya gama. Akwai tseren dogon zango na hawa da gangara da ake yi duk shekara, ana kiransa da sunan Hodson, sojan da ya kula da aikin ginin farko. A farkon watan Oktoba ake bikin tunawa da wanda ya kafa makarantar, a yi fareti irin na soja, iyaye da tsofaffin ɗalibai su zo daga ko'ina. Ana kuma fitar da yara tafiyar ƙafa cikin duwatsu su kwana a tanti. Wannan horo ne ya kai ga wasu ɗalibanta suka hau Everest, dutsen da ya fi kowane tsayi a duniya, a 2013.

Rayuwar ɗalibi

Yaro kan shiga tun yana ɗan shekara goma ko kusa da haka. Tun da sassafe ake tashinsa, cikin sanyi, ya fita motsa jiki. Daga nan karin kumallo, taron safe, aji, abincin rana, sai aikin hannu ko zane ko kiɗa, sai wasanni, sai karatun dare, sai a kashe fitila. Maza da ɓangarensu, mata da nasu, ƙananan yara ma da nasu, amma aji ɗaya suke zama. Manyan ɗalibai su ke kula da na ƙasa da su. Babban hutu kuwa a lokacin hunturu ake yinsa, daga Disamba zuwa Fabrairu, saboda tsananin sanyi. Tsohon cocin da aka gina tun zamanin Turawa yana nan a tsakiyar makarantar.

'Yar'uwa, duk wadda ta yi makarantar kwana a nan gida za ta ce ai wannan tsarin namu ne. Gaskiya ne. Turawan da suka kai shi Indiya su suka kawo mana shi, tun daga Kwalejin Katsina wadda daga baya ta zama Kwalejin Barewa a Zariya. Gidaje, shugabannin ɗalibai, ƙararrawa, karatun dare, ranar ziyara, duk tushensu ɗaya.

Abin lura a nan

To ga inda darasin yake. Waɗanda suka kafa Sanawar sun gane cewa halin yaro yana ginuwa ne da abin da yake maimaitawa kullum. Shi ya sa ba su bar sa'a ɗaya a banza ba daga asuba zuwa dare. Suna son yaro mai juriya da biyayya, sai suka tsara yininsa ya haifar da haka, kuma ya haifar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ki tuna kuma don wa aka yi wannan tsari tun farko: yaran da ba su da uwa a kusa. Jadawalin makaranta shi ya tsaya a matsayin uwa. Ma'ana, ranar da kika ajiye akwatin ɗanki a bakin ɗakin kwana kika juyo, kin miƙa wa ƙararrawa aikin da kike yi: tashin asuba, ci da sha, wa zai yi abota da shi, me zai ji kafin barci. Wata takwas ko tara a shekara, har shekara shida. Abin da ke cikin jadawalin zai shiga jikinsa. Abin da babu a ciki, ko da salla ce, sannu a hankali zai yi rauni.

Amma alhakin bai sauka daga wuyanki ba. Ya tabbata a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa kowannenmu makiyayi ne da za a tambaye shi abin kiwonsa, kuma an ambaci mace da gidan mijinta da 'ya'yansa a fili. Ba a ce ban da lokacin da suke makaranta ba.

Tambayoyin da ya kamata ki yi

Kafin ku biya kuɗi, ki zauna da maigida cikin ladabi ku nemi amsar waɗannan:

1. Ina salloli biyar suke a jadawali? Akwai mai tashin yara asuba, ko an bar wa kowa ganin damarsa? Da azumi fa, ana dafa sahur?

2. Wane babba ne ke kwana kusa da yara? In 'ya mace ce, wace ce matar da ke kula da ɗakinsu, kuma kin gan ta ido da ido?

3. Ina iyakar ikon manyan ɗalibai? In an zalunci ƙarami, wa zai kai wa ƙara ba tare da tsoro ba?

4. Yaya tsaron wurin yake? Lawrence ya hau dutse ne don ya tsirar da yara daga cuta. Mu kuwa bayan abin da ya faru a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, dole mu duba katanga da masu gadi da nisan makaranta daga gari.

5. Shi yaron ya isa? Wanda bai iya wanka da wanki da tsarki shi kaɗai ba, a ɗan ƙara masa shekara a gida.

Ranar ziyara kuma kada ki tsaya kan garin kwaki da ƙuliƙuli da sabulu kawai. Ki ja shi gefe ki saurare shi, ki ji sunan abokansa, ki lura ko ya rame ko ya yi shiru fiye da yadda kika san shi. In ya dawo hutu ki sa shi ya ja ƙannensa salla, nan za ki gane inda aka kwana.

Abu na ƙarshe, kada mu manta da marayu. Mata da miji ne, ba Musulmi ba, suka fara wannan aiki da yara 14 a cikin tanti. Mu da Annabinmu (SAW) ya yi wa mai riƙon maraya bushara da kusanci da shi a Aljanna, mu ne muka fi cancanta da irin wannan himma. Ko reshenmu na unguwa ya ɗauki kuɗin makarantar maraya ɗaya, an fara.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare su a gida da makaranta, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.