Keke da Ƙaya: Darasi a kan Faci

Ran 29 ga watan Mayu, 2023, gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya kusa ninka uku. Tun daga lokacin nan kekuna da dama waɗanda suka daɗe jingine a zaure suka sake fitowa hanya. A nan Dutse muna ganinsu da sassafe: malamin makaranta daga Kudai, lebura daga Madobi, mai kai kaji kasuwar Shuwarin, mai bishara da ke zagaya ƙauyukan Kiyawa da Jahun. Keke ba ya shan mai, amma yana da babban abokin gaba, shi ne faci. Mutumin da tayarsa ta sace tsakanin Sakwaya da gari, ya turo keke mil uku cikin rana, ya iske an ɗauke littafin sa hannu a wurin aiki, ko kuwa an riga an ɗebi leburorin yini, hasararsa ta fi abin da zai ba mai faci nesa ba kusa ba.

Abin da mu ke so mu koya cikin darasin nan guda ɗaya ne. Kowane huji yana da abin da ya yi shi, siffarsa kuwa da wurin da ya ke su kan nuna abin. Wanda ya liƙe huji bai binciki dalilinsa ba, gobe ma zai liƙe wani.

Bari mu fara da sanin abin da mu ke hawa. Kekunan farko tayarsu ba ta da iska, ba ta faci, amma ta kan jijjiga mahayi har ƙashi. A shekara ta 1888 wani likitan dabbobi a birnin Belfast, sunansa John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. A 1891 kuma 'yan'uwan nan biyu Michelin na Faransa suka fito da irin wadda a ke cirewa a gyara a mayar. Tun daga nan iska ce ke ɗauke da mahayi. Tub, watau robar nan ta ciki, shi ke riƙe iskar, taya kuwa riga ce kawai mai tsare shi.

To, sa'ad da taya ta sace, kada a yi hanzarin buɗe ta. A fara buga iska, a shafa yawu a bakin bawul. In ya yi kumfa, laifin na bawul ne, tub lafiyarsa lau. Yawancin manyan kekunan da mu ke da su, irin su Raleigh da Phoenix, cikin bawul ɗinsu akwai wata 'yar siririyar roba wadda zafi ke busarwa har ta tsage. Sake ta aikin minti ɗaya ne. Sau da yawa a kan yi ta dulmuya tub cikin ruwa ana neman hujin da babu shi.

In ba bawul ba ne, sai a kifa keken, a ɓanɓare gefe ɗaya na tayar, a zaro tub. Ba lalle sai an kwance ƙafar ba, ko da ta baya ce mai kaca da birki. A hura tub, a bi shi da kunne ko da leɓe, in akwai ruwa a sa shi ciki. Sa'ad da aka sami wurin, a tsaya a duba shi da kyau, gama nan ne karatun ya ke.

Huji guda ƙanƙane a bayan tub, wajen da ke fuskantar ƙasa, aikin ƙaya ne ko waya ko kwalba. Ƙasarmu kuwa ba ta rasa ƙaya. Tsidau shi ne sarkinsu. Ya kan yaɗu a ƙasa da damina, da furensa rawaya kamar ba ya cuta, bayan ɗaukewar ruwa 'ya'yansa su bushe su rabu gida biyar, kowane da tsininsa, ko yaya ya faɗi kuwa da wuya a rasa tsini guda yana duban sama. Da kaka manoma su kan sari magarya da bagaruwa da aduwa domin shingen rogo da lambu, su jawo su ta kan turba, ƙayar ta kakkarye ta ɓuya cikin rairayi. Da rani makiyaya su kan sassare wa dabbobi rassan gawo. Dutse kuma garin dabino ne, har akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya a nan, gindin kowane reshen dabino kuwa ƙaya ce mai tsawon yatsa. A kan kwalta abin ya sake. Can gefen titi, inda motoci ke tura mai keke, nan ne ƙusa da fasasshiyar kwalba ke taruwa, da siraran wayoyin da ke fita daga tsofaffin tayoyin manyan motoci.

Ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Abin da ya huda tub yawanci yana nan maƙale cikin taya, kansa ya karye daga waje, ba a ganinsa. A shimfiɗa tub a kan tayar, bawul daidai da ƙofarsa, hujin zai nuna inda za a duba. Kada a lalube da yatsa, waya ta kan yanka. A bi cikin tayar da 'yar auduga ko tsumma, inda ta sarƙe nan ƙayar ta ke. A tura ta waje da allura. Mai facin da ya mayar da tub bai yi wannan ba, rabin aiki ya yi, ko da ya karɓi cikakken kuɗi, ya kamata mai keke ya tsaya a kansa har ya yi.

Huji biyu kusa da juna, kamar saran maciji, ba ruwan ƙaya a ciki. Ƙarancin iska ne. Taya mai laushi ta haɗu da dutse ko bakin rami, ƙarfen ƙafar ya matse tub ya datse shi a wuri biyu. Wannan ya fi samun ƙafar baya, gama ita ke ɗauke da yawancin nauyin mahayi, da buhun da ke kan kariya, da yaron da aka goya.

A nan sai mu yi gardama da wata al'ada. Waɗansu su kan rage iska da gangan, su ce wai zafin bazara zai fasa taya, waɗansu kuma domin yashi. Maganar yashi tana da gaskiya, taya mai ɗan laushi ba ta nutsewa sosai cikin jigawa. Amma hanyoyinmu ba yashi kaɗai ba ne. Wanda ya fito daga rairayin ƙauye zai shiga duwatsu da tsakuwa da karyayyen bakin kwalta kafin ya kai gari, iskar da ta yi masa daɗi a can ita za ta yashe shi a nan. Zafin rana kuwa kaɗan ya ke ƙara wa ƙarfin iska, lafiyayyar taya ba ta fashewa dominsa. Ɓarnar rana dabam ce, watau ta kan cinye roba sannu a hankali har gefen taya ya tsattsage, saboda haka a riƙa ajiye keke a inuwa. Ma'aunin iskar da ta dace a rubuce ya ke a gefen taya. Wanda ba shi da abin awo ya danna da babban yatsa, in ta shiga da sauƙi ba ta isa ba. Mu tuna kuma kowane tub ya kan rage iska da kansa ko ba huji, don haka a duba shi kowane kwana biyu ko uku.

Huji ta ciki, wajen da ke kwance a kan ƙarfe, kan wata daga cikin wayoyin ƙafar ne ya tsiro, ko kuwa tsatsa. A goge kan wayar, a yanko ɗamara daga tsohon tub a naɗe ƙarfen da ita. Doguwar tsaga kuwa da ƙara kamar bindiga, ko tayar ta mutu har tub ya leƙo, ko bakinta ya danne shi wajen mayarwa.

Yanzu ga liƙin kansa. A kankare kewayen hujin da samfefa, wurin ya fi facin faɗi. A shafa sholisho kaɗan, shafe guda marar kauri, sa'an nan a jira wajen minti biyar har ƙyallinsa ya ɓace. Nan ne haƙuri ke ƙarewa mai sauri, ya ɗora faci a kan ɗanyen sholisho, ya kama a ido, bayan mil biyu ya saki. In ya sha iska a ɗora facin a danne shi ƙwarai daga tsakiya zuwa baki. Wanda zai yanki facinsa daga tsohon tub ya yanke shi da'ira, ba mai kusurwa ba, ya kankare shi, ya shafa wa fuska biyun duka. Kafin a mayar a ɗan hura tub ya yi siffa, a kuma rufe bakin taya da hannu, gama ƙarfe ko bakin cokali ya kan yi sabon huji. Sholisho yana kama wuta, shaƙarsa kuma tana lalata ƙwaƙwalwa, mun kuwa san yadda ya ɓata samari a garuruwanmu. A rufe shi, a ajiye inda yara ba su kaiwa.

Akwai dabarar da masu bin hanyar ƙaya kullum su kan yi. Su kan tsaga tsohon tub, su cire bawul, su shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tub. Keken ya kan ƙara ɗan nauyi, amma gajeren tsinin tsidau ba safai ya ke ratsa roba biyu ba. Ƙayar aduwa ko ta dabino dai ba ta jin wannan. Maganinta ido ne: a bi tsakiyar turba inda ƙafa ta tattake, a bar bakin shinge da gindin itatuwa, in an ratsa wuri mai ƙaya a sauka a juya ƙafafun a cire abin da ya maƙale tun bai shige ba. Ana sayar da tayoyi masu shimfiɗar tsaro a ciki, da wani ruwa mai kauri da a ke ɗurawa cikin tub ya toshe ƙananan huji, amma da tsada, a ƙauye kuma ba a cika samunsu ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Famfo, da 'yar robar bawul, da sholisho, da faci uku ko huɗu, da guntun samfefa, da allura, duk ban da famfon za su shiga gwangwanin da za a ɗaure ƙarƙashin sirdi. Sholishon da aka buɗe ya kan bushe cikin zafinmu ko a rufe ya ke, sai a riƙa matsa shi kowane wata a ga ko yana da rai. Tayar da zarenta ya fara bayyana kuwa, ko tub da faci ya hau kan faci, lokacin sauya su ya yi, in kuɗin taya ɗaya ne a hannu a sa sabuwar a ƙafar baya.