Darasi: Zama da Mijin da Ba Ƙabilarku Ɗaya Ba

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wadda Allah Ya haɗa aurenta da wanda ba yarensu ɗaya ba.

Yawancin rigimar irin wannan gida daga mummunar fassara take tasowa. An yi abu bisa al'ada, ɗayan ya ɗauke shi raini. Ɗauki Bahaushiya a gidan Yarbawa. Kin tashi kin ga jin kunyar suruka shi ne tarbiyya, ba kya cin abinci gabanta, ba kya zaman hira da ita. Ita kuwa so take matar ɗanta ta shigo cikin dangi a yi aiki tare, sai ta ga kamar gudunta kike. Ƙannen mijin da kika tarar, ko yara ne, ba a kiran sunansu gatsau, laƙabi ake sa musu. In ba ki tambayi maigida ba, ina za ki sani?

Babbar fitinar takan zo a haihuwar fari. Mu wankan gida muke tafiya, kwana 40 wurin uwa. Su kuwa galibi uwar miji ce ke zuwa ta yi wa jikanta wanka. Don Allah kar ki bari sai ciki ya tsufa. Ki zauna da shi tun da wuri, ku biyu, lokacin da ransa ke sanyi. Shari'a ba ta wajabta ko ɗaya daga ciki ba, saboda haka akwai wurin sassauci: ko Mama ta zo ta zauna da ke, ko a raba kwanakin.

In sun juya harshe a gabanki, ki tuna aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana yawan zato, ta 13 kuma ta nuna an yi mu ƙabilu ne don mu san juna. Ki koyi ko da gaisuwarsu ce, tana sanyaya zuciyar tsohuwa.

Idan faɗa ya tashi, ki tsaya kan laifin da aka yi. "Ai ku dama haka kuke" ya fi laifin ciwo, kuma 'ya'yanki jininsu ne. Nana Safiyya, da aka goranta mata asalinta na Yahudawa, kuka ta yi, har Annabi (SAW) ya lallashe ta da tuna mata cewa ita zuriyar Annabi Haruna ce.

In abin ya fi ƙarfinku, Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce a samo mai sulhu daga danginsa da naki. Naki ya zama dattijon da ya taɓa zama da mutanen, ba wanda tun farko bai so auren ba.