Ko Farfela Za Ta Iya Tsere wa Sauti?

Jiragen sama na farko da suka sauka a Kano a 1925 masu farfela ne. Aikin farfela shi ne ta tura iska baya, jirgi kuwa ya yi gaba. To, ko irin wannan jirgi zai iya fin sauti gudu? Sauti dai yana cin wajen kilomita 1,225 a awa ɗaya a kusa da ƙasa.

A 1947 Chuck Yeager ya wuce gudun sauti a Amurka, amma da jirgi mai injin roka. Injinan jet na wancan zamani suna da shan mai, kuma sai da dogon fili suke tashi. Saboda haka masana suka ce bari a gwada farfela, tun da ta fi tattalin mai.

Ga inda gizo ke saƙa. Ku lura da bulala: ƙarar da kuke ji idan an kaɗa ta, bakinta ne ya wuce gudun sauti. Haka bakin farfela yake. Yana juyawa, jirgi kuma yana tafiya da shi gaba, don haka yakan kai gudun sauti tun kafin jirgin ya kai. Daga nan iska sai ta cure a gabansa, ƙarfin inji ya riƙa lalacewa a ƙara da jijjiga.

A watan Yuli na 1955 kamfanin Republic ya ta da jirgin gwaji XF-84H a sansanin Edwards na jihar Kalifoniya. Farfelarsa mai fiffike uku ce, faɗinta ƙafa 12. Bakinta yana wuce gudun sauti ko da jirgin yana tsaye a ƙasa. Ana jin ƙararsa daga nisan wajen kilomita 40, ma'aikatan da ke kusa kuwa suka yi ta fama da ciwon kai da tashin zuciya. Guda biyu aka ƙera. Sau 12 suka tashi, yawanci sai da saukar gaggawa. Ba su taɓa kai gudun sauti ba, a 1956 aka dakatar da aikin.

Ɗalibai, kada ku ce an yi asara. Gwajin ya nuna iyakar farfela, shi ya sa jiragen da ke fin sauti gudu suke amfani da jet, aka bar wa farfela gajeren zango. Idan kun yi gwaji a ɗakin kimiyya bai ba da abin da kuke zato ba, ku rubuta abin da kuka gani yadda yake. Shi ma sakamako ne.