Amsar Tambaya: Yadda Ake Tsayar da Kiran Talla a Waya

Kiran talla da saƙonnin da ba a nema ba sun ishi masu waya daga Bebeji har Doguwa, balle manomin da ke dakon kiran dillalinsa daga Kwanar Dangora. Tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta tanadi lambar 2442. Mai layi ya tura mata kalmar STOP, kyauta, kamfanin wayarsa ya daina turo masa talla. Mai son wasu tallace-tallacen kaɗai, kamar na lafiya ko ilimi, sai ya tura HELP ya zaɓa. In kamfanin ya yi kunnen uwar shegu, a kai ƙara NCC ta lambar 622. Wanda kuwa ya kira yana neman BVN ko lambar sirrin katin banki, wannan ɗan damfara ne. A katse, a toshe lambarsa.